Sadakarku hannu da hannu kuke bayarwa ko ta ƙungiya?

Ɗan Kofar Marusa: Salamu alaikum jama'a. Shekara ta zagayo zan fitar da zakkar shagona, ɗaya bisa arba'in ɗin nan, amma wallahi raina bai kwanta da manyan ƙungiyoyi ba. Lokacin ambaliyar Jibiya a 2018 na tura kuɗi wani asusu da aka yi ta yaɗawa a Facebook, har yau ko hoton buhu ɗaya ban gani ba. Ku ya kuke yi?

Wata daga Sabuwar Unguwa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ni fa ba na tsallake layinmu, akwai matan da suka gudo daga ƙauyukan Batsari suna raɓe a kango, da farko tuwo nake aika musu kullum sai na ga abin ba ya ƙarewa, sai na saya wa ɗaya kasko da mai da waken suya, yanzu awara take soyawa a bakin makaranta, har ta sa yaranta biyu a Islamiyya. Da idona nake gani, shi ya sa hankalina a kwance.

Manomi daga Daura: Mu tun zamanin Baba, dami goma na gero a ware ɗaya tun a gona, a fara da dangi marasa shi sannan tsangayar unguwa. Tunda na ga kayan tallafin korona jibge a sito a 2020 mutane na kwana da yunwa, na ƙara riƙe wannan.

Ma'aikaciyar jinya: Yayyena ku yi haƙuri, kar a yi wa ƙungiyoyin duka kuɗin goro. Na yi aiki a wurin kula da masu tamowa, yaro ya zo fata da ƙashi, madara ta musamman da wannan abincin gyaɗar na leda ne ke tada shi, ƙungiyoyi irin su MSF, ta likitocin agaji, ke kawowa kyauta nan Katsina. Dubu biyar ɗina ba za ta yi wannan ba. Kuma ko aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware wa masu aikin tara zakka kasonsu, don haka albashin ma'aikatan ƙungiya ba sata ba ne. Ni dai sai na je na ga aikin kafin in bayar.

Ɗan Kofar Marusa: Na gode Anti. Zakkar zan ba wata gwaggona da ke riƙe da marayu uku, amma ranar Asabar insha Allah zan leƙa wajen yaran nan.