Dan Allah da me kuke rage gashin hanci? Na gaji da tsigewa

Baban_Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Wata 'yar tambaya ce da ni wadda da a majalisa ne wallahi ba zan iya yinta ba, amma tunda nan ba mai ganin fuskar wani bari in ajiye kunya gefe. Shekarata 43, kuma kamar shekara biyu kenan gashin hancina ya fara wuce gona da iri, da can ban ma san da shi ba, yanzu kuwa sati biyu ya yi yawa sai ka ga ya leƙo waje har da furfura a ciki. Jiya ina shirin fita aiki autata ta tsaya tana kallona ta ce "Abba gashin bakinka yana shiga hancinka", mamansu ta dinga dariya har da riƙe ciki.

Abin da na saba yi shi ne in ɗauki hantsakin madam in tsige, hawaye na zuba ina atishawa, to watan da ya wuce sai wani ƙurji ya fito min daga ciki, kwana huɗu ko sujjada da ƙyar nake yi. Na taɓa sayen ɗan injin nan mai batir a hannun masu talla a go-sulo wajen Kawo, ranar farko ya yi, rana ta biyu ya cafke gashin ya tsaya cak a cikin hancina. To shi ne nake tambaya, mai batir ya fi ko mai caji ko kuwa in koma almakashi kawai? Kuma ina ake samun mai kyau a nan garin Kaduna?

Mai_Aski_Rigasa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ai ka zo wajen 'yan hannu, shekarata 15 ina aski. Da farko dai ka mayar wa Hajiya hantsakinta.

Injin nan iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai zagayayyen baki kamar murfin biro, wuƙar tana juyawa a ciki gashi yana shiga ta 'yan tsaguna tana yankewa, irin su Panasonic da Wahl suna yinsa kuma shi 'yan Chana suka fi kwaikwaya, na tabbata irinsa ka saya. Sai kuma mai dogon baki siriri wanda haƙoransa suke a gefe suna kai da komo kamar ƙaramar kilifa, Philips sun fi yin irin wannan. Ni a hannuna na biyun ya fi, saboda yana yin kunne da gira ma kuma bai cika fizga ba, amma mai zagayen ya fi sauƙi ga wanda zai yi wa kansa don ko ta ina ka juya shi yana ci.

Maganar cafke gashi da ka yi kuwa, sau da yawa ba injin ne kaɗai mai laifi ba, batir ne. Yawancinsu batir ɗaya suke ci, AA ɗin nan na rimot da agogon bango, to in ka sa masa mai arha na rediyo da ya ɗan yi sanyi sai juyawar ta ragu, maimakon ya yanke sai ya naɗe gashin ya ja. Ka sa masa batir mai ƙarfi irin wanda ake kira alkaline, da ka ji ƙararsa ta fara sauka ka canza, kuma kullum ka kunna shi tun a waje kafin ka kai hanci, kar ka zura sannan ka kunna. In ka gama ka cire batirin, don da yawa a damina suke mutuwa, batir ya yi ruwa a ciki ya cinye ƙarfen.

Mai caji yana da daɗi amma ka san halin wutarmu, kuma abin da sau biyu a wata za ka taɓa shi, in batirin ciki ya mutu shi kenan sai bola. Ni dai mai AA nake ba mutane shawara. Ka duba wanda kansa yake cirewa a wanke da ruwa. Ka shiga Kasuwar Gumi layin masu kayan aski, ko manyan kantunan kan Ahmadu Bello Way, ka ce a sa batir a kunna a gabanka, ka ɗora bakin a bayan hannunka inda gashi yake, in ya ja ka ajiye musu abinsu.

Dan_Kawo_01:
Hhhh Baban Ummi duk wannan dogon lissafin na mene ne, ni in na je aski kawai cewa nake oga taɓa min hanci, ya sa gefen kilifa ya share, an wuce wajen. Ko naira ban taɓa kashewa a kai ba.

Maman_Hanif:
Dan Kawo don Allah ka daina, kilifar da ta bi ƙeyar mutum ashirin tun safe ita za a kai maka cikin hanci? Fatar wajen ba irin ta kai ba ce, siririya ce kuma jijiyoyin jini sun yi mata yawa, shi ya sa ƙaramin abu ke jawo haɓo. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma ƙwayar cutar tana iya yin sati guda a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Abin hanci kamar buroshin baki ne, kowa da nasa.

Baban Ummi ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙurjin da ka faɗa shi ya sa na tsaya yin rubutu. In ka tsige gashi ka bar ɗan rami a buɗe, hanci kuma dama gidan ƙwayoyin cuta ne, akwai wata da ake kira stafilokokus da mutane da yawa ke ɗauke da ita a ƙofar hanci lafiya lau ba ta yi musu komai, sai ta samu kafa ta shiga ta zama maruru. Abin da ya sa likitoci ba sa wasa da marurun wannan wajen, jijiyoyin da ke kwashe jini daga hanci da leɓen sama suna da hanyar da ta haɗu da na cikin ƙoƙon kai. Ba kasafai abin ke kaiwa can ba, kar in tsorata ka, amma dai kar a matse shi. In ya sake fitowa har ka ga kumburi ya hau fuska ko zazzaɓi ya shigo, ka tafi asibiti, ga National Ear Care Centre nan a garin nan aikinsu kenan, kunne da hanci da maƙogwaro. In kana da ciwon suga ma kar ka jira ya kai haka.

Sannan masu cewa a share shi tas, ku tuna Allah bai sa shi a banza ba, shi ne rariyar farko da ke tare ƙura. Mu da muke Kaduna, daga Disamba zuwa Fabrairu ka fyace hanci da yamma ka ga abin da ke fita ja wur, ai ka san aikin da yake yi. Wanda ya leƙo kawai za a rage, na ciki a bar shi. Kuma man cire gashin nan da mata ke shafawa a ƙafa kar wanda ya kuskura ya kai shi hanci, ƙona fata yake yi, haka ma kakin da ake liƙawa a sanda a fizge da ake ta nunawa a TikTok, tsigewa ce ita ma sai dai ta jimla.

Dattijo_TudunWada:
Ni fa yaran nan kuna ba ni mamaki, komai sai an sa masa batir. Ɗan almakashi ne da ni mai dunƙulallen baki, irin wanda ake yanke wa jarirai farce, a kemis na saya ya fi shekara 10, ba caji ba NEPA. Ranar Juma'a bayan na yi wanka in bari hancin ya bushe, don jiƙaƙƙen gashi kwanciya yake ba ya yankuwa, in tsaya bakin taga da madubi in ɗaga kan hancin da yatsa, ƙyas ƙyas sau uku na gama, in goge shi da sifirit in mayar aljihun jaka. Sharaɗin kawai kar ka ɗauko almakashin tela mai tsini, atishawa ɗaya za ta haɗa ka da jini.

Kuma Malam Baban Ummi kar abin ya dame ka, girma ne ya zo, maza da yawa in sun haura arba'in gashin hanci da na kunne da gira sukan ƙara tsawo, na kai kuma yana guduwa. Af, wani ya taɓa ce min wai tsigewa ce sunna, na ce masa a'a ka haɗa biyu, tsigewa a hammata ta zo, gashin baki kuma ragewa.

Baban_Ummi:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Hanif kin tsorata ni duk da kin ce kar in tsorata, hantsaki dai ya koma hannun mai shi tun ɗazu. Baba Dattijo matsalata da almakashi ita ce idona, sai da gilashi nake gani kusa kuma hannuna na hagu ba ya min biyayya a madubi, don haka ina ga injin zan nema ranar Asabar. Saura abu ɗaya, wai da gaske ne in ana yankewa yana ƙara kauri da yawa? Wannan ne ya sa tun farko na zaɓi tsigewa.

Mai_Aski_Rigasa:
Ba gaskiya ba ne Alhaji, da haka ne da duk masu sanƙo sun yi layi a shagona. Gashi daga saiwa yake tsirowa, yankan sama ba ya taɓa ta, kawai dai bakin da aka yanke ba shi da tsini shi ya sa kake jin kamar ya yi kauri kuma yana ɗan sosa ka kwana biyun farko. Tunda ka ce ido da hannu, ɗauki mai zagayen bakin, iya kan kawai za ka shigar ba sai ka tura ciki ba. Ka tafi da batirinka a aljihu ranar Asabar ɗin, don wasu masu shagon sai su ce maka ba su da na gwaji.