Me ya sa inabi iri ɗaya yake ba da giya mai ɗanɗano daban?

Ɗalibin Kimiyya:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa inabin Chardonnay na Shabli a Faransa yana ba da giya mai tsami sosai, alhali na kwarin Napa a Kalifoniya bai kai haka ba. Mene ne dalili?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Zafin wurin shi ne babban dalili. Inda rana take da ƙarfi, inabi yakan tara sukari, kuma sinadarin malik mai sa tsami yakan ragu yayin da 'ya'yan suke nuna. Da yake sukarin ne yis yake mayarwa barasa, giyar can ta fi ƙarfi.

Mai Nazari:
Malam ya yi gaskiya, amma tudu ma yana da tasiri. A Mendoza ta Ajantina, wadda take kan tudu, zafin hasken rana yana kaurara bawon inabi, launin giyar ya yi duhu, sanyin dare kuma ya riƙe tsamin.

Ɗalibin Kimiyya:
To, ƙasar noman fa?

Malamin Gona:
A ganina ana zuzuta ta fiye da kima. Aikinta mafi girma shi ne sarrafa ruwa: tsakuwar yankin Bodo na Faransa tana tsane ruwan sama da sauri, sai 'ya'yan su fito ƙanana, ɗanɗanonsu ya yi kauri.