Datsun 260Z ɗin Baba: wili, sifirin ko inji, da wanne zan fara?

Malamin makaranta, Bunkure

Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda hannunsu ya taɓa baƙin mai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Datsun 260Z ƙirar 1975. A hannun wani Bature injiniya ya saye ta, cikin waɗanda suka yi aikin noman rani a Kadawa bayan an gama madatsar Tiga a 1974. Tun 2009 take ajiye a rumfa bayan rumbu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ranar rabon gado kowa ya kauce mata, ni na ce a sa ta a kasona, don har yau in na buɗe ƙofar sai in ji kamar Baba ne zai ce in shiga ya kai ni kasuwar Kura.

Bara bayan yankan shinkafa muka sauke tanki muka wanke, muka sa batir da sabbin fulogi, ta tashi a bugu na huɗu. Injinta na asali ne, L26, silinda shida a jere da kafireto biyu. Tsatsa ba ta ci ta ba sai ƙarƙashin mazaunin batir. Amma tayoyi duk sun tsattsage, bayanta ya zauna, birki kuma sai an taka sau biyu. Ƙanena ya dage a sa mata wili mai inci 17, a sauke ta ƙasa, a jefa mata injin Lexus. Kuɗin hannuna ba za su ɗauki duka ba, kuma daga ƙofar gidanmu zuwa kwalta burji ne na kilomita shida. Wanda ya taɓa yin ɗaya daga cikin ukun, don Allah ya faɗa mini yadda ya ƙare.

Mai faci, Kwanar Dangora

Wa alaikumus salam, Malam. Ni taya kaɗai na sani, shekara ashirin da biyu ina bakin wannan titin. Motarka da wili mai inci 14 ta zo. In ka sa taya mai lamba 195/70 R14, tsokar gefen tayar ta kai wajen milimita 136. In ka bi ƙaninka ka sa 215/45 R17, tsayin ƙafar gaba ɗaya kusan ɗaya ne, amma tsokar ta koma milimita 97. Wannan ratar ita ce ke shanye dukan rami. Babu satin da ba a kawo mini wilin alminiyom da ya lanƙwashe ko ya tsage a baki, kuma kusan duka masu siririyar taya ne. Na ƙarfe in ya lanƙwashe ina daddaɓe shi da guduma mutum ya kama hanya. Na alminiyom sai walda, waldar kuma ba na yarda in ɗora iyalina a kai.

In ka rasa mai kyau a 14, hau 15 ka tsaya nan. 195/65 R15 tana ko'ina saboda Golf da Corolla. Kuma kafin ka biya, juya tayar ka nemi lamba huɗu da ke bayan rubutun DOT. In ka ga 2319, an yi ta ne a sati na 23 na 2019. Taya tana tsufa a shago ko ba ta taɓa taka ƙasa ba, zafin Afrilu kuma ba ya yafe wa tsohuwar roba.

Ɗan kasuwa, Kazaure

Malam, ka saurari mai faci, in ƙara maka da abin da ya same ni. Ina da Toyota Celica ƙirar 1980, ramukan wilinta irin na taka ne, huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Na tsohuwar Golf huɗu ne a kan 100, na Peugeot 504 huɗu a kan 140, duk ba sa shiga. Sai na samu wilin tsohuwar Honda Accord a Ƙofar Ruwa, ramuka suka zauna daram, na biya ina murna. Abin da ban sani ba, Accord da ƙafar gaba take ja, don haka fuskar wilinta a waje take, cikinsa ya lume sosai. Da muka ɗaura, tayar gaba ta manne da kwanon sifirin. Wani yaro a gareji ya ce abu mai sauƙi, ya jera washa uku-uku a bayan kowane rami.

Sati biyar na yi. Ina dawowa daga Roni da yamma, da ɗana a gefe, sai sitiyari ya fara rawa a hannuna. Na tsaya na duba: kusoshi biyu cikin huɗu sun guntule, na ukun ya tsage. Na zauna a bakin hanya na daɗe ban iya magana ba, ina kallon yaron yana wasa da tsakuwa. Don haka in za ka sayi wili, ka je da naka na asali, a kifa su a ƙasa, a ɗora sanda a bakin kowanne a auna zurfinsa. In zurfin bai zo kusa ba, bar musu kayansu ko kyauta ne.

Direba, Gumel

Maganar sauke mota ƙasa. Na taɓa yanke zagaye biyu daga sifirin Datsun Laurel ɗina da wutar walda, don ta yi kyau a ido. Wutar ta kashe ƙarfen, motar ta riƙa dukan ƙasa kamar amalanke. A hanyar Maigatari, ranar kasuwa, dutse ya fasa kaskon baƙin mai. Kafin in lura da jar fitila inji ya buga. Ban sake hawanta ba. Kai da kake da burji, ɗaga ta ma ya kamata ka yi tunani.

Matashi, Dutse

Iyayena ku yi haƙuri, ni ina bayan ƙanin Malam a maganar inji. Na sa wa Toyota Cressida injin 2JZ na Lexus GS300, shi ma silinda shida ne a jere, lita uku, ƙarfin doki kimanin 220, alhali L26 wajen 150 yake bayarwa yana sabo. Da safe bugu ɗaya yake tashi ko da sanyin hunturu, ba ruwana da saita kafireto, kuma duk abin da ya lalace ina samunsa a Kano rana ɗaya. Ina za ka samu kayan L26 yau?

Amma ba zan ɓoye ba, wayarin ya cinye mini wata huɗu, mai lantarki uku na canza kafin kwamfutar injin ta yarda. Sai da na sa famfon mai mai ƙarfi da sabon layin komawa tanki, aka yanka mazaunin inji, aka rage sandar da ke kai juyi baya. Kuma Toyota ce a cikin Toyota. A Datsun aikin zai fi haka.

Tsohon makanike, Wudil

Yaro na Dutse, ka faɗi gaskiya, Allah ya yi maka albarka. Tambayarka ma a kan hanya take, zan amsa ta. Malam, ni na koyi aiki lokacin da Datsun ta cika tasha, 120Y da 180B da Laurel, kuma injin L ya ratsa hannuna fiye da yadda zan ƙirga. Z sau biyu kawai na taɓa yi wa aiki, amma zuciyarta ɗaya da 'yan'uwanta.

Ka fara sanin abin da Baba ya bar maka. Wannan jikin ya fito ne a ƙarshen 1969 da sunan 240Z, a Japan suna ce mata Fairlady Z. Ita ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta sake ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Hanyoyin can jar ƙasa ce da ƙura da laka irin namu. Ka nemi hotunan motocin ka duba da idonka: a ɗage suke, tayoyinsu masu tsoka, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji. Waɗanda ƙaninka yake gani a waya suna jan ciki a ƙasa, titin Tokyo da na Amurka aka yi wa su. Taka hanyar Bunkure za ta bi.

Ƙafa da birki su ne farko, domin mota da ba ta tsayawa ba a ƙara mata gudu. Ƙafafunta huɗu kowace zaman kanta take, kuma shokazoba a cikin bututu yake, ana kwance babban noti a zaro shi a zura sabo. Ka canza duka huɗun lokaci guda. Duk robar da ke ƙarƙashinta ta shekara hamsin, ka cire, har da na riƙon akwatin sitiyari da na sandar da ke riƙe difiransha a baya. Yawancin zaman bayan da kake gani da ƙarar "ƙwas" in an saki kuloci daga nan suke. Kada ka yarda a yanko maka bushin daga tsohuwar taya. Sifirin kuma a fito da su a jera a ƙasa, in ɗaya ya fi ɗan'uwansa gajarta a nemi wasu masu tsayin asali.

Birkinta faifai ne a gaba, ganga a baya. Tiyon roba, mai, da robobin cikin masta, wato famfon birki, duk sabbi. In kana son ƙari, masu wannan motar sun daɗe suna ɗaura kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, mai fistin huɗu ta Toyota Hilux mai jan ƙafa huɗu, ta 1979 zuwa 1985, don ramukanta suna hawa. In ka yi haka feda za ta yi nisa, sai an haɗa da babbar masta ta Datsun 280ZX. A gwada da wilin a juya da hannu kafin a ɗaure.

Yanzu inji. Kada ka cire shi kafin ka auna matsin kowace silinda. In shidan sun zo kusa da juna, ba shi da laifi, ƙishirwa da ƙura ne ke damunsa. Kafireton nan biyu na Hitachi, kowanne yana da murfi a ka da ake zuba ɗan mai a ciki. Yaran yanzu ba su san da shi ba, sai mota ta riƙa shaƙewa in an taka, su ce inji ya mutu. Ni da guntun tiyo nake saita su: in sa baki ɗaya a kunne, ɗaya a bakin kafireto, in saurari shan iskar na gaba da na baya har su zama murya ɗaya. Kuma kada a ruɗe ka da buɗaɗɗen bakin kafireto marar matatar iska don ƙara mai daɗi. Hunturu ɗaya ya isa ƙura ta cinye ringin fistin.

Abin da ke kashe injin L a ƙasarmu zafi ne. Kansa alminiyom ne, gangar jikinsa baƙin ƙarfe, ga shi dogo. In ya tafasa sau biyu kan ya bauɗe, gasket ya ƙone. Ka kai lagireto a buɗe shi sama da ƙasa a zure, ko a sa masa sabon ciki mai layi uku. Sabon famfon ruwa, sabbin tiyo. Ruwan rijiya kuma ka raba shi da ita, gishirinsa ne ke toshe hanyoyin.

In har sai an cire kan, ga abin da nake so ka tsaya a kansu ka gani. Sarƙa ce ke juya sandar da ke buɗe bawul a cikinsa, ba bel ba. Kafin a zare haƙorin sama dole a cusa dogon katako tsakanin ɓarin sarƙar biyu ya danne ta. In ba a yi ba, abin da ke ɗame sarƙar a ƙasa zai fito daga raminsa, sai an kwance gaban inji gaba ɗaya. Nawa katakon na maɗaci ne, na fere shi da hannuna, da igiya a gindi don zarowa. Yana nan cikin akwatina.

Maganar kaya da yaro ya yi: gaskiya ne L26 ya yi wuya. Amma danginsa da yawa, L24 da L28 suna musayar abubuwa masu yawa da shi, kuma L28 yana zama a mazauninsa ba yanka ba walda, ya ba ka 2753cc a madadin 2565cc. In ka samu na Laurel, ka lura, in tulun kaskon mansa a gaba yake, alhali na Z a baya yake, sai an mayar da kaskonka da bututun tsotson mai, a gyara wurin sandar awo. Wannan shi ne ƙarin ƙarfin da zan yarda da shi, shi ma sai naka ya gaza.

Matashi, Dutse

Baba, na karɓa. Abu ɗaya kawai: a cire kwantak a sa distiributa ta lantarki ta 280ZX. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba wanda ke son mota mai zubar da fetur saboda wuta ba ta kama daidai.

Tsohon makanike, Wudil

Wannan na yarda da kai ɗari bisa ɗari, ɗana.

Malamin makaranta, Bunkure

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa ƙanena labarin Kazaure, ya yi shiru, daga baya ya ce to a bar wilin Baba a yi musu fenti. Ranar Asabar muka auna matsi, biyar sun zo kusa da juna, ta shida ta ɗan yi ƙasa, da muka ɗiga mata mai ta hau. Na buɗe murafun kafireton kamar yadda Baba na Wudil ya ce, duka biyun a bushe ƙaraf. Na zuba mai, shaƙewar ta tafi.

Lagireto yana Kano wurin masu zura. Na samu tayoyi huɗu 195/70 R14 na bara, na duba lambar da kaina. Shokazoba da robobi na ba wani ɗan'uwa da ke Dubai saƙo, ya ce sai bayan Sallah. Baba na Wudil, in Allah ya kai mu lokacin zan zo in ɗauke ka, ka taho da tiyon nan da katakon maɗaci, ina so in ga yadda ake saurarar kafireto. Mahaifiyarmu ta ce ranar da motar ta taka kwalta ita za a fara kaiwa Tiga.