Na sauya ƙwaƙwalwar sitiyarin motata, yanzu ta fi sauƙi a dama fiye da hagu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana lantarkin mota ku taimaka min, sati uku ke nan abin ya hana ni sukuni.

Ina da Scion FR-S ƙirar 2013, wadda ake kira Toyota 86, 'yar Kwatano. Sitiyarinta na lantarki ne, babu famfo babu mai. Wani injin lantarki ne a jikin sandar sitiyarin yake taya hannu juyawa. Idan na hau hanyar Jos daga Bauchi, ba na jin titi a tafin hannuna yadda nake so, shi ya sa na sayo ƙwaƙwalwar sitiyarin ƙirar 2017, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa wannan injin, aka ɗaura.

Nauyin ya yi min daɗi, wallahi. Amma tun ranar fitilar sitiyari take kunne a dashbod. In zan zagaya shataletalen Wunti, juyi zuwa hagu sai na sa ƙarfi, dama kuwa da yatsa biyu ma tana tafiya. Mun yi alaimen, mun gwada iskar taya, batir sabo ne. Mai gyarana ya goge lambar matsalar da ƙaramar na'urarsa, ina tayar da mota lambar ta dawo.

Zargina shi ne ba a saita sifirin na'urar da ke auna ƙarfin hannu a kan sitiyari ba, wato inda take fara awo. Shin Techstream, wato manhajar Toyota ta binciken mota, ita kaɗai ke yin wannan saitin? Akwai mai ita a Bauchi ko Gombe? Tsohuwar ƙwaƙwalwar tana nan a ajiye, amma raina bai so in mayar da ita.