Launi yana zubewa a jikin katantanwar katako da nake sassaƙawa

Assalamu alaikum masu sana'ar katako. Na maƙale, ina neman taimakonku.

Ina sassaƙa katantanwar katako a injin juyi, guda 60, zan raba wa yara kyauta. Sassaƙar ba ta ba ni wahala ba, kowace tana juyi lafiya lau ba tare da rawa ba. Wajen launi ne abin ya gagare ni.

Nakan goge da sanfefa har lamba 400, sannan tana kan inji tana juyawa in ɗora bakin maka (alƙalamin launi mai tawada) in ja zobba ja, shuɗi da rawaya. Suna fita tsaf. Amma ina shafa shelak (wani irin vanish da ake shafa wa katako don ya yi sheƙi) sai zobban su narke, jan ya kwarara cikin rawaya, ta koma dabbare-dabbare kamar an ɓarar da tawada. Daga baya na gane alkohol ɗin da ke cikin shelak ne yake narka tawadar. Na koma maka mai tawadar da aka haɗa da ruwa, ita kuma tana bin jijiyar katakon ta bazu tun ban shafa komai ba. Na gwada kakin zuma da mai kawai, ina murza ta sau biyu launin ya fito a yatsuna. Guda 11 na ɓata haka.

Fenti mai kauri kuwa ba na so, don yaro ba ya rasa kai abin wasa baki.

Me zan shafa kafin launi da bayansa, wanda zai riƙe zobban yadda suke kuma ba zai cutar da yaro ba?