Wai da yuraniyom ɗin Nijar aka haɗa bam ɗin Hiroshima?

Bakano: Jama'a salam. Ni dai tun ina yaro nake jin cewa makamin ƙare dangin da Amurka ta jefa wa Hiroshima da yuraniyom ɗin Nijar aka yi shi, kuma wlh na yarda don duniya ta san arzikin da ke ƙarƙashin ƙasar Agadas.

Ɗan Arlit: Wa alaikumus salam yayana. A Arlit aka haife ni, ba mai kishin garin nan kamar ni amma maganar nan ba haka take ba. An jefa bam ɗin ran 6 ga Agusta 1945, mu kuwa sai 1957 aka gano yuraniyom a Azelik, haƙa a Arlit ma sai 1971 kamfanin Somair ya fara fitarwa, toh ta yaya abin da yake kwance cikin ƙasa ba wanda ya san da shi zai je Japan?

Bakano: Ai Turawa ba sa faɗin gaskiyar lokacin da suka fara ɗiba ƙanena, a ɓoye suke yi.

Malama: Malam Bakano ba a haƙar ma'adini a ɓoye haka fa, sai da hanya da manyan motoci da ɗaruruwan leburori. Kuma an san inda na Hiroshima ya fito, mafi yawansa daga mahaƙar Shinkolobwe ne a Katanga ta Kwango lokacin tana hannun Beljiyam. Shugaban kamfanin da ke haƙar wajen, Edgar Sengier, tun 1940 ya tura sama da tan 1,000 zuwa New York don gudun kar ya faɗa hannun Jamus. Dutsen wajen yana da ƙarfin da ba a ga irinsa ba, kuma 'yan Kwango ne suka haƙo shi da hannunsu ba wata kariyar kirki, su ne ya kamata a riƙa ambata, abin yana min ciwo yadda aka manta da su.

Bakano: Toh naji. Amma me ya sa kullum in ana zancen nukiliya sai an sako Nijar?

Ɗan Arlit: Ina ga daga 2003 ne abin ya cakuɗe wa mutane, lokacin da Bush ya ce Saddam na neman yuraniyom daga Afirka, aka kawo takardu wai Nijar ta sayar wa Iraƙi, hukumar nukiliya ta duniya ƙarƙashin ElBaradei ta duba ta ce na jabu ne. Duk da haka aka shiga yaƙin.

Dattijo: Yarana ku bar Hiroshima, wanda ya shafe mu kai tsaye yana nan kusa. Ran 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya, ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu, kuma kun san iskar hunturu daga can take gangarowa. Saboda gwajin nan Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana. Da suka yi gwaji na uku a Disamba, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadansu a Janairun 1961.

Bakano: Allah ya ƙara girma Baba, wannan kam ban taɓa ji ba. Na janye batun Hiroshima, amma na Reggane ɗin fa, ba da namu aka yi ba?

Ɗan Arlit: Shi ma a'a yaya, 1960 ne, saura shekara 11 Arlit ta fara.