Risha tana ƙonewa a sitanles: laifin risha ne ko na hannu?

Ɗan Autan Warsha: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mun karɓi aikin hannun matakala a Jidda, sitanles 304, kaurin mili 5, huji na mili 10 kusan tamanin. Risha uku, wato bakin diril, sun tafi tun ba a yi huji goma ba. Irin masu ruwan gwal ɗin nan ne. Wace iri zan saya?

Na Kilo 14: Wa'alaikumus salam. Mai haɗin ƙarfen kobalt, a rubuce M35 ko HSS-Co a gindinta.

Mai Walda Misfala: Ruwan gwal ai kwalliyar amarya ce, washi ɗaya take wankewa.

Baba Maƙeri: Ɗana, kafin ka kashe riyal ɗinka, buɗe murfin diril ɗin ka ga inda bel yake. Na rantse yana kan gudun sama. Sitanles ba ya son gudu, matsi yake so. Baƙin ƙarfe da risha HSS, wato ta gama-gari, ana ba shi kamar mita 25 a minti, sitanles kuwa 10 zuwa 12. Lissafin: ka ninka wannan adadi da 318, ka raba da kaurin risha. Mili 10 a baƙin ƙarfe ya ba ka juyi 800, a sitanles 320 zuwa 380. Ka ga ko rabi bai kai ba.

Abin da ke faruwa shi ne, in risha tana gogar ƙarfen ba ta yanka ba, fuskar wurin sai ta taurare nan take. Sabuwa ma ka sa a wannan ramin, ƙugi kawai za ta yi ta mutu. Haka aka yi asarar kwali guda a warsharmu kan farantin tanki, ana ta canza risha ana mayarwa rami ɗaya. To ka danna da ƙarfi daidai, kada ka sassauta hannu a tsakiya, ka riƙa ɗiga man yanka. In ɓarɓashi yana fitowa a nannaɗe kamar taliya, kana kan hanya. In gari ne ko ƙura, tsaya.

Wani abu da mutanenmu ke mantawa: wutar Saudiyya hertz 60 ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, ba 50 irin ta gida ba. In allon gudun da ke jikin injinka na 50 ne, duk lambar da ka gani ka ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar. Inda aka rubuta 500, 600 yake yi.

Na Kilo 14: Wallahi Baba wannan ta 60 ɗin gaskiya ce. Jalak, wato injin washi, mai juyi 2850 ma kusan 3450 yake juyawa a nan, a duba lambar gudun da ke takardar dutsen washi kafin a ɗaura.

Ɗan Autan Warsha: Na duba Baba, yana kan 1,400. Kunya ta kama ni.

Mai Walda Misfala: 1,400! Wannan ai shawarma kake gasawa.

Alhaji Na Madina: Kobalt ɗin dai a saya. M35 kashi 5 ne na kobalt, M42 kashi 8. Ta biyun ta fi jure zafi amma ta fi saurin karyewa, a diril na hannu ban ba da shawararta ba. A nemi mai baki digiri 135 tsagagge, ba ta yawo a kan ƙarfe. Don kaurin mili 5 gajeriyar risha ta fi, ba ta lanƙwasa. Dormer, Nachi, Bosch duk suna yi.

Yaya Mai Gate: Ukun da suka ƙone fa kada a zubar. A yanke wurin da ya lalace, a wasa.

Ɗan Autan Warsha: Yaya, washin ne ban iya ba. In na wasa sai ramin ya fi risha faɗi.

Baba Maƙeri: Leɓe ɗaya ya fi ɗaya tsawo ke nan. Tsinin ya kauce daga tsakiya, risha tana juyawa kamar gurgu, ramin 10 ya zama 10 da rabi. Alamarsa ɓarɓashi ta gefe ɗaya kawai yake fita.

Ga yadda ake yi. Fara gyara fuskar dutsen ta miƙe, dutse mai kwari a tsakiya ba ya ba da baki. Fari ko toka, lamba 60 zuwa 80. Koren nan na wasa kabaid ne, wani ƙarfe mai tsananin tauri. Matattarar hannu kada ta yi nisa da dutse fiye da mili 3, kuma ban da safar hannu. Riƙe risha leɓen yana kwance daidai, jikinta ya karkata digiri 59 da fuskar dutse. Taɓa a hankali, sai ka sauke gindin ƙasa kaɗan yayin da kake turawa, don diddigen ya fi bakin yanka ƙasa. Wannan rangwamen digiri 8 zuwa 12 ne. In babu shi diddige ne zai hau ƙarfe, ko ka hau kan hannun diril ɗin da ƙafa ba za ta ci ba. In ya yi yawa kuma baki ya yi siriri, ya ɓantare. Ƙirga: uku a wannan leɓe, juya, uku a wancan.

Ma'auni kuwa, haɗa noti biyu masu kusurwa shida gefe da gefe, tsakaninsu digiri 120 ne. Sa bakin risha a ciki, ka ɗaga wajen haske. Ya isa ga bakin digiri 118, wato 59 sau biyu.

Mai Walda Misfala: Ni da ta yi shuɗi nake tsomawa a ruwa, shi ke nan.

Alhaji Na Madina: Kuskure ne Malam. HSS mai zafi sosai in ta sha ruwan sanyi, baki yana yin ƙananan tsaga da ido ba ya gani. A riƙa tsomawa tun yatsa na iya riƙewa.

Mai Walda Misfala: Alhaji shekara nawa muna haka?

Alhaji Na Madina: Shi ya sa kullum kake kasuwar Haraj Sawarikh ta Jidda kana neman risha.

Yaya Mai Gate: Ku bar faɗa. Ƙari ɗaya: risha in ta gajarce da washi, cibiyarta kauri take ƙarawa, sai a rage ta da gefen dutse, in ba haka ba matsi zai yi yawa. Kuma ramin share fage na mili 10 ko 12, mili 3 zuwa 4 ya isa. Masu bi da 8 sannan 10 su ne ke cinye kusurwar risha.

Na Kilo 14: Tunda ana nan, ramin da ake hudawa kafin a yanka tiredin M10, wato na noti mai mili 10, mili nawa ne? Yaro ya huda da 9.

Baba Maƙeri: 8.5. M8 kuma 6.8, M6 5. Da 9 zai kama amma haƙoran ba su cika ba.

Ɗan Autan Warsha: Na sauke bel, mafi ƙanƙanta a allon 300 ne. Bayan la'asar zan gwada da wadda na wasa.

Mai Walda Misfala: Wa ke da jalak na sayarwa? Nawa beyarin ɗinsa ya fara kuka.